Tsadar itace da hunturu: Abin dubawa kafin zaɓar murhun turara shinkafa a Kura da Bunkure

A garuruwan noman rani na ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam a Jihar Kano, babu lokacin da ake ƙona itace kamar daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu.

Abubuwa biyu ne ke haɗuwa a wannan lokaci. An gama girbin shinkafar damina, shanshera ta cika gidaje tana jiran a turara ta. Ga kuma hunturu ya kankama, kowane gida na neman ruwan zafi na wanka da alwala, da wutar jin ɗumi safe da dare.

A mafi yawan gidaje, duk wannan nauyi a kan abu ɗaya yake sauka: duwatsun murhu uku a tsakar gida, da tukunya ko rabin duro a kai.

Ga matan da ke sana'ar gumi, wato turara shinkafa kafin a kai ta injin casa, irin murhun da tukunyar da suke aiki da su ne ke raba riba da faɗuwa. Shi ne kuma ke nuna yawan hayaƙin da su da 'ya'yansu za su shaƙa a kullum.

Yankin da ruwan Tiga ya raya

Kura na da nisan kimanin kilomita 30 daga birnin Kano a kan hanyar Zariya. A da an fi sanin garin da rini da turkuɗi, amma tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya zama babbar sana'ar yankin.

Ruwan Tiga ne ke bi ta manyan magudanai ya shayar da dubban kadada a Kadawa da Kura da Bunkure, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ana noma shinkafa damina da rani, a sanyi kuma a saka alkama da tumatir da albasa.

Inda shinkafa ta yawaita, sana'o'in da ke bin ta ma kan yawaita. A garuruwa irin su Kura da Karfi, da wuya a bi layi ba a ga shinkafa a shanye a kan tamfol ko daɓen siminti ba. Rufe iyakokin ƙasa da Gwamnatin Tarayya ta yi daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ƙara wa shinkafar gida kasuwa, mata da dama suka shiga sana'ar.

Sai dai itacen da ake wannan aiki da shi, yawancinsa ba a gonakin yankin ake samun sa ba. A mota ake kawo shi daga dazukan da ke kudu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon ya hau, farashin itacen ya bi shi.

Inda itacen ke tafiya

Turara shinkafa mataki uku ne. Da farko a wanke shanshera, a jiƙa ta a ruwan da aka ɗumama ya yi zafi sosai amma bai tafasa ba, a bar ta ta kwana. Washegari a tsane ta, a mayar kan wuta tururi ya ratsa ta har ɓawonta ya fara tsagewa. Daga nan sai shanya.

Amfanin wannan wahala shi ne ƙwayar shinkafar kan yi ƙarfi, ba ta yawan kakkaryewa a injin casa. Haka nan wasu sinadarai masu gina jiki da ke jikin dusarta kan shige cikin ƙwayar.

Wuta biyu ke nan ake hurawa a kan kowane buhu, kuma a nan ne asarar take.

Gwaje-gwajen da masana makamashi suka daɗe suna yi sun nuna cewa a murhun duwatsu uku, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai na zafin itace ke shiga tukunya. Sauran yana bin iska ta gefe da gefe. Idan iskar hunturu na kaɗawa, harshen wutar kan kwanta gefe guda, asarar ta ƙaru.

Ga misali. Duro mai cin lita 200, idan ana so a ɗaga zafin ruwansa daga digiri 20 zuwa 70, murhun da ke isar da kashi 12 na zafi ga tukunya zai ci busasshen itace kimanin kilo 22. Murhun da aka kewaye aka gyara har yana isar da kashi 30 zai yi wannan aiki da kimanin kilo 9.

Ruwan ɗaya ne, zafin ɗaya ne, amma itacen bai kai rabi ba.

Darasi daga ƙasashen sanyi

A arewacin Amurka da Kanada, inda ƙanƙara ke zuba wata da watanni, mazauna karkara da dama na ɗumama gidajensu da wata babbar tukunyar ƙarfe da ake ajiyewa a waje, nesa kaɗan da gida. Cikinta akwatin wuta ne, ruwa ya kewaye shi. Idan ruwan ya yi zafi, famfon lantarki ya tura shi ta bututun da aka binne a ƙasa zuwa ɗakuna, ya saki zafinsa ya dawo.

Wannan na'ura ba ta dace da Kura ko Bunkure ba. Sanyin nan bai wuce wata uku ba, ba a gina gidajen da bututun ruwan zafi ba, ga shi kuma tana buƙatar lantarkin da ba ya yankewa.

Amma matsalolin da masu ita suka ci karo da su darasi ne. Waɗanda suka sayi tukunyar da ta fi ƙarfin gidansu, wutarsu kan yini tana cin kanta a hankali, tana tuƙa hayaƙi. Masu zuba ɗanyen itace da masu gajeren bututun hayaƙi kuma sun riƙa rigima da maƙwabta.

Koke-koken sun yi yawa, har a shekarar 2015 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta sanya wa sababbin irin waɗannan tukwane iyakar hayaƙin da za su fitar, ta kuma ƙara tsaurara ƙa'idar a 2020.

Abin ɗauka a nan guda huɗu ne: a yi wuta a waje, girman tukunya ya yi daidai da aikinta, itace ya bushe, hayaƙi kuma ya samu hanyar tashi sama. Dukkansu sun shafi mai turara shinkafa.

Tukunya: A fara da duba gindinta

A tsohuwar hanya, ana zuba ruwa kaɗan a tukunya, a juye jiƙaƙƙiyar shinkafar a kai, a rufe da buhu. Ta ƙasan tana cikin ruwa tana dahuwa, wani lokaci har ta kama ta ƙone, ta saman kuwa tururi bai gama ratsa ta ba. Bayan an cashe sai a ga kala biyu ko uku a buhu ɗaya, ɗan kasuwa kuma ya rage kuɗi.

Maganin wannan ba baƙo ba ne ga duk macen da ta taɓa turara dambu a madambaci. Faifan ƙarfe ne mai ƙananan huji, kamar rariya, a sa shi cikin tukunya ya tsaya a saman ruwa. Shinkafar na kansa, ruwan na ƙasa, tururi kaɗai ke hawa. A kuma rufe da murfin da ya zauna sosai.

Hukumar raya ƙasashe ta Japan, wato JICA, ta yaɗa wannan dabara a wani shiri da ta gudanar a jihohin Nasarawa da Neja daga 2011 zuwa 2016, daga baya ta bazu zuwa wasu jihohi. Abin da ya sa ta karɓu shi ne ba sai an sayi sabuwar tukunya ba. Maƙeri ko mai walda na gari zai auna tukunyar da ake da ita ya yanko faifan daidai da ita.

Tun da ruwan da ake tafasawa kaɗan ne, tururi kan tashi da wuri, itace ma ya ragu.

Sai kuma ƙarfen da aka yi tukunyar da shi.

Rabin duro ya fi araha, amma araha ba ta ado. Yana saurin tsatsa, tsatsar ta ɓata kalar shinkafa, gindinsa kuma ya huje bayan 'yan watanni na wuta. Mafi hatsari shi ne duron da ba a san abin da aka taɓa zubawa a cikinsa ba. Wanda ya ɗauki maganin feshi ko baƙin mai ko sinadarin masana'anta bai kamata ya kusanci abinci ba, ko an wanke shi sau nawa.

Manyan tukwanen alminiyam da ake narka tarkace a zuba ba sa tsatsa, kuma suna saurin ɗaukar zafi. Illarsu ta dogara da irin tarkacen da aka narka. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano cewa wasunsu na sakin gubar dalma a cikin abin da aka dafa. Saboda haka yana da kyau mai saye ya san maƙerin, ya kuma tambayi abin da yake narkawa.

Ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne ya fi, shi ne kuma ya fi tsada. Da shi aka ƙera na'urar GEM ta cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice, wadda aka fara kafawa a Jamhuriyar Benin a 2015, aka kuma kai Lafiya ta Jihar Nasarawa a 2016. Tana da tankin jiƙo da na turare da murhu na musamman da ƙugiyar ɗaga kaya. Irin wannan ta ƙungiya ce, ta fi ƙarfin mace ɗaya.

Game da girma, ƙa'idar ita ce a sayi tukunyar da ake cikawa a ranar aiki ta yau da kullum. Babbar tukunya da rabin kaya asarar itace ce. Wadda kuma ta yi girman da mata biyu ba za su iya sauke ta cikin sauƙi ba, ita ce ke jawo ƙuna da ciwon baya.

Murhu: Abubuwa huɗu

Murhu mai kyau ba dole sai na kamfani ba. Magini na iya gina shi da jan bulo ko tubali da yumɓu, muddin an kiyaye abubuwa huɗu.

Na farko, bango. Ya kewaye wutar, ya kuma hau jikin tukunyar, a bar 'yar tazara kamar faɗin yatsu biyu tsakaninsu. Ta wannan tazara zafi zai bi jikin tukunyar ya hau, maimakon ya watse.

Na biyu, ƙarafan da itace zai hau. Idan itace na kan ƙarafa, iska na shiga ta ƙasa, toka na zuba, wutar kan ci da kyau. Wutar da ta kwanta a cikin toka ita ce mai hayaƙi.

Na uku, ƙofa. Ƙarama ta fi, kuma kada ta fuskanci inda iskar hunturu ke fitowa, wato arewa maso gabas. Babbar ƙofa na sa a cusa itacen da ya wuce buƙata.

Na huɗu, bututun hayaƙi. Ya ɗara tsayin katanga da rufin ɗakin da ke kusa, don kada hayaƙin ya koma tsakar gida ko ya faɗa gidan maƙwabta. Yana kuma buƙatar shara lokaci zuwa lokaci, domin baƙin da ke taruwa a cikinsa na toshe shi, yana ma iya kamawa da wuta.

Wurin da za a kafa murhun ma abin lura ne. A nisanta shi daga rumbu da tarin kara da ɗakin kwanan yara. Idan za a yi masa rumfa, ta kwano ce, a bar gefunanta a buɗe.

Maganar hayaƙi ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Macen da ke yini a bakin tukunya da goyo a bayanta, ita da ɗan duk suna cikin wannan hatsari.

Itace, buntu ko gas?

Itacen da aka sare ɗanye, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Kafin ya ba da zafi sai ya ƙone ruwan jikinsa tukuna, shi ya sa yake kumfa a baki yana hayaƙi. Busasshe shi ne wanda ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Ana gane shi da rashin nauyi, da tsagewar bakinsa, da ƙarar da yake yi idan aka buga biyu.

Wadda ke da hali, gara ta sayi itace tun da wuri, ta sa a faskara, a jera a kan duwatsu inda iska ke ratsawa.

Masu itace sun san marke da ƙirya sun fi riƙe wuta. Amma kowace mota ta irin waɗannan itatuwa daji ne ke raguwa, kuma a wurare da dama har kaɗanya da ɗorawa masu ba da abinci ba su tsira daga gatari ba.

Alhali kuwa akwai makamashin da yankin ke samarwa da kansa, wato buntu. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓawo ne, ma'ana duk kilo 100 na fitar da buntu kimanin kilo 20. Manyan kamfanonin casa da shi suke hura tukwanensu na tururi.

Mata da dama na watsa buntu a kan wutar itace, amma a buɗaɗɗen murhu hayaƙi yake yi fiye da wuta, saboda yana danne iska. Yana buƙatar murhun da aka yi domin sa, mai karkatattun ƙarafa da yake gangarowa a kansu kaɗan-kaɗan, ko kuma mai ƙaramar fanka da ke hura masa iska. Tokarsa na da yawa, don haka dole a tanadi hanyar kwashe ta. Ana kuma iya matse shi da inji ya zama curi mai kama da itace.

Wanda zai gina murhun buntu, ya fara tabbatar da inda zai riƙa samun sa da kuma farashinsa, domin masu kiwon kaji da masu wasu sana'o'in ma na neman sa.

Gas kuwa ya fi tsabta, amma a aikin da ake tafasa ruwa duro-duro, kuɗinsa zai cinye ribar. Ƙananan murhunan zamani irin su Save80, da ƙungiyar atmosfair ta Jamus ke haɗawa a Kano, na girkin gida ne da ɗumama ruwan wanka. Suna rage itace sosai, amma ba za su ɗauki tukunyar gumi ba.

Wutar jin ɗumi: Inda ake rasa rayuka

Da tsakiyar hunturu, sanyin dare a Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, a bakin magudanan ruwa da fadamu kuma jiki ya fi jin sa. Abin da aka saba shi ne bayan an sauke tukunya, a kwashi garwashi a kasko a shiga da shi ɗaki.

A nan ne babban hatsarin yake. Garwashi da gawayi na fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ko launi. A ɗakin da aka rufe ƙofa da taga aka toshe kafofi, tana taruwa ta hana jini ɗaukar iskar numfashi. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin yake wucewa.

Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da irin waɗannan alamu a tare, a fitar da su waje nan take, a buɗe ƙofa da taga, a garzaya da su asibiti.

Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano kan ja kunnen jama'a a duk hunturu game da kwana da wuta a ɗaki. Tartsatsi ɗaya ya isa ya kama katifa ko gidan sauro.

Hanyar da ta fi aminci ita ce wutar ta tsaya a waje, zafinta kaɗai ya shiga ɗaki. Ana iya ɗumama bulo a gefen murhu, a naɗe shi da tsumma a sa a gefen shimfiɗa. Ana iya cika jarka mai kauri da ruwa mai ɗumi a rufe ta sosai. Idan kuma dole sai an shiga da kasko, a bar taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta.

Murhun da aka gina da bulo na da wani amfanin a nan. Bayan an gama turare yakan daɗe da zafi, tukunyar ruwa da aka ɗora a kansa da yamma za ta ba gida ruwan wanka ba tare da an ƙara itace ko ɗaya ba. Gidan da ake wankan jego, inda ake dafa ruwa safe da yamma har kwana 40, zai ga bambancin a aljihunsa.

Lissafin kuɗi

Babban abin da ke hana mata sauya murhu shi ne kuɗin farko. Jarin mai gumi a cikin shinkafa yake, kuma da yawansu aikin kuɗi suke yi wa 'yan kasuwa, ana biyan su a kan kowane buhu.

Lissafin da ya kamata a yi mai sauƙi ne. A rubuta kuɗin itacen da ake ƙonawa a ranar aiki ɗaya. Idan ginin murhu da faifan tukunya sun kai kuɗin itacen kwana 30, kuma suka rage kashi ɗaya cikin uku na itacen, to a ranar aiki ta 90 sun biya kansu. Ƙarin kuɗin da shinkafa mai kala ɗaya za ta samu a kasuwa bai ma shiga lissafin ba.

Kafin a biya, a je a ga irin murhun yana aiki a gidan wata, a tambayi buhu nawa take turarawa da itacen nawa, da kuma wanda ke gyara shi idan ya tsage. Kayan da babu mai gyaran sa a kusa, ranar da ya lalace ya zama tarkace.

Wadda ba ta da ƙarfi, ta fara da faifan tukunya da murfi, daga baya ta kewaye murhun da tubali. Adashi da ƙungiyoyin mata kuma na iya haɗa kuɗin babban murhu guda da za a riƙa amfani da shi bi da bi.

A ɓangaren hukuma, shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano, KSADP, wanda Bankin Musulunci ya tallafa da kuɗi, ƙungiyar Sasakawa kuma ta kula da ɓangaren amfanin gona, ya taimaka wa masu sarrafa shinkafa da horo da kayan aiki. A watan Maris na 2024 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki da makamashi mai tsabta.

Sai dai masu sana'ar sun fi ƙarfin abin da shiri ɗaya zai raba. Abin da zai kai ga kowane gida shi ne a koya wa maginan gari da masu walda na Kura da Bunkure awon murhu da na faifan tukunya, a kuma samar wa mata ƙaramin rancen da za su biya daga kuɗin itacen da suka rage.